Yadda Ake Jera Kujerun Yara Biyu a Bayan Mota

Duk mai bin titin Kano zuwa Wudil, ko na Ɗambatta zuwa Kazaure, ya san irin zaman da iyali ke yi a mota ranar biki ko yawon Sallah. Maigida na riƙe da sitiyari, uwargida na gefensa da jariri a cinya, babban yaron kuwa yana tsaye a baya, ya zuro kai tsakanin kujeru biyu yana kallon hanya. Ba rashin ƙauna ba ne, abin da aka taso aka gani ke nan. Sai dai hannun uwa, komai ƙarfinsa, ba ya iya riƙe yaro idan mota ta daki wani abu. Karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kuma tsakani da Allah, wa ke tsayawa a 50 idan ya samu kwalta mai kyau? Hukumar da ke kula da haɗurran titi a Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar yara tana rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari, ta 'yan shekara 1 zuwa 4 kuma da kashi 54. A nan gida ma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta sha nanata cewa yaron da bai kai shekara 12 ba, baya ne wurinsa.

Waɗannan alƙaluma na kujerar da aka ɗaure daidai ne. Wadda aka ajiye kawai tana rawa a kan kushin ado ce. Yaro ɗaya da sauƙi. Da sun zama biyu, musamman a gidan da aka yi kwanika ko aka samu tagwaye, sai gardama ta tashi: wa zai zauna a bayan direba, wa za a ba tsakiya, uwa kuma ina za ta raɓa? Amsar ba ta bakin maigida, ba ta bakin uwargida. Tana jikin motar, kuma sai an duba ake ganinta.

Fara da sikeli da tef ɗin tela

Ranar awo ko rigakafi, ka roƙi ma'aikaciyar asibiti ta ɗora yaran biyu a sikeli, ka rubuta nauyin kowanne. Tsayi kuma a gida za a auna: babban ya jingina da bango, jaririn a kwantar da shi a tabarma. Da nauyi da tsayi ake zaɓen kujera, shekaru biye suke.

Jariri yana zama a kujera mai kallon baya, wato fuskarsa na kallon gilashin bayan mota. Kansa ya yi wa jikinsa girma, wuyansa bai yi ƙwari ba. Idan aka yi karo ta gaba yana kallon gaba, igiya za ta riƙe jikin, kan ya fizgu shi kaɗai. Idan yana kallon baya kuwa, kujerar ce ke tallabe kai da wuya da gadon baya a lokaci guda, yadda ungozoma ke tallabe ɗan da aka haifa yanzu. Ƙa'idar Turai ta R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce kada a juya yaro gaba kafin wata 15. Wannan mafi ƙaranci ke nan. A Siwidin sai yaro ya kai wajen shekara 4 yana kallon baya. Kada naɗe ƙafa ya dame ka, yaro ba ya jin abin da babba ke ji a gwiwa.

Daga nan sai kujera mai kallon gaba mai igiyoyinta, wadda yawancin na Turai ke ɗaukar yaro har kilo 18. Bayanta sai kujerar ƙarin tsayi, wadda ke ɗaga yaro don bel ɗin motar ya bi ta kafaɗarsa da cinyarsa maimakon wuya da ciki. Wannan tana aiki har kilo 36, ko har yaro ya kai tsayin santimita 135 zuwa 150.

Yawancinmu gwanjo za mu saya, ba abin kunya ba ne, amma a buɗe ido. Ta Turai tana da sitika ruwan lemo mai harafin E a cikin da'ira. Ka nemi R129 a jikin sitikar, ko lambar tsohuwar ƙa'ida, R44/04, ko aƙalla R44/03. Mai 01 ko 02 ta tsufa, ka bar wa mai shago kayansa. Ta Amurka tana ɗauke da ranar ƙira, kuma kamfanoni na ba kujera wa'adin shekara 6 zuwa 10. Ka cire rigarta ka duba robar, idan ka ga tsagewa ko wurin da ya yi fari kamar an lanƙwasa, an gama magana. Igiyar da ta zare ko aka yi mata ɗinki, ita ma haka.

Sannan ka shiga bayan motar ka lalube ta

Ka faka a wuri mai shimfiɗa, ba gangare ba. Cire rigar kushin idan an sa, domin masu ɗinkin kushin kan rufe duk abin da kake nema. Zura hannu a tsakanin mazauni da majingina. Za ka ci karo da ɓawon gyaɗa, da ƙwallon dabino, wataƙila da biron da ya ɓata tun bara. A ƙarƙashinsu ne makullan bel suke, waɗanda aka danna ciki don kada su soki fasinja. Zaro su duka. Ka gwada kowane bel a makullinsa har ka ji ƙas, ka fizga ka tabbata ya kama. Makullin tsakiya ba ya karɓar bel ɗin gefe a motoci da yawa, kada ka haɗa su da ƙarfi.

A wannan lungun dai, a kujerun gefe biyu, ka lalubi wasu ƙarafa biyu masu kama da harafin U, tsakaninsu santimita 28. Su ne ISOFIX, ƙarafan da ake maƙala kujerar yara a jikinsu, Amurkawa na ce musu LATCH. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 2002 tana da su, irin su Camry da Corolla da Sienna na shekarun. A Turai da Golf 4 aka fara a 1997, sai a 2014 ya zama dole ga duk sabuwar mota. Mai Golf 3 kada ya wahalar da hannunsa, babu. Wannan kuma ba abin damuwa ba ne, bel yana riƙe kujera tsaf idan an ɗaure da kyau. Abin da ba a yi shi ne kai mota wurin mai walda ya ƙirƙiro maka ƙarfen. Bel ɗin da aka yanke ma ba aikin tela ba ne, sai a nemo cikakke a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, bakanike ya ɗaura shi da kusoshinsa na asali.

Abu biyu suka rage. Duba bel ɗin tsakiya: mai bi ta kafaɗa da cinya ne, ko na cinya kaɗai? Sannan ka nemi ƙugiyar igiyar sama, wato inda ake maƙala igiyar da ke riƙe saman kujera mai kallon gaba. Tana da alamar anka, irin ƙugiyar jirgin ruwa. A ƙananan motoci tana kan allon da ke bayan matashin kai, a manyan motocin iyali tana jikin bayan kujera ko a ƙasa. Kada ka ɗauki ƙugiyar ɗaure kaya ta cikin but a matsayinta.

Wa zai zauna ina

Jerin da ya fi dacewa da mafi yawan motocinmu shi ne kujeru biyu a gefe biyu, jariri a dama bayan fasinjan gaba, babba a hagu bayan direba. Dalili na farko fili ne. Kujera mai kallon baya tana cin wuri, dole a matsar da kujerar gabanta. Fasinja zai iya haƙuri da matsi, direba ba zai iya ba, wanda gwiwarsa ke dukan sitiyari bai taka birki yadda ya kamata. Dalili na biyu hannun da muke tuƙi ne. Tun 1972 dama muke bi, saboda haka ƙofar dama ita ce ta gefen titi. Jariri ya fi cin lokaci wajen sawa da cirewa, gara ka yi wannan sunkuyon bayanka na kallon gona, ba tirela ba.

To tsakiya fa? Gaskiya ce ta fi nisa da ƙofofi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa yara 'yan ƙasa da shekara 4 da aka zaunar a tsakiya, haɗarin jin rauninsu ya ragu da kashi 43 idan aka kwatanta da na gefe. Mutane kan ɗauka jariri ne ya cancanci wurin. A ganina babban ne, idan yana kallon gaba, domin jariri mai kallon baya ya riga ya samu kariyar da ta fi ta kowa a motar. Amma tsakiya tana da sharuɗɗa. Yawanci babu ISOFIX a wurin, kuma ba a aron ƙarfe ɗaya daga dama ɗaya daga hagu sai littafin motar da na kujerar duk sun yarda. Wurin kan yi tudu, kujera ta riƙa gocewa. Idan bel ɗin na cinya ne kaɗai, kujerar ƙarin tsayi ba ta zama a nan ko kusa, kujerun Turai da dama ma ba su yarda da shi ba. Kujerar da ta kafu a gefe ta fi wadda ke lilo a tsakiya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da littafin kamfani ba zai faɗa maka ba. Ɗan shekara uku idan hannunsa na kaiwa ga ƙaninsa, zai ba shi abin da yake ci. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, alawa, duk don ƙauna, jariri kuma ya shaƙe ba wanda ya gani tunda bayansa kuke kallo. Wani kuma jan maɓallin nan na makullin bel ne zai burge shi, ya danna, kujerar jaririn ta saki ba ku sani ba har ku isa Gumel. Wannan kaɗai ya isa a raba su a bar fili a tsakani, uwa ta zauna a wurin idan za ta shiga, ta kuma ɗaura nata bel ɗin.

Idan dole sai sun yi maƙwabtaka, saboda ana buƙatar gefe ɗaya don babban mutum, kowace kujera ta kafu da ƙafarta. Ka ɗaure ta farko ka gwada, ka ɗaure ta biyu, sannan ka kwance ta farkon ka sake girgiza ta biyun. Sau da yawa jingina suke da juna, ka cire ɗaya ɗayar ta yi sako-sako.

Tagwaye su ne masu wuya, tunda duka biyun baya za su kalla. Ka je da motar wurin mai sayarwa, ka gyara kujerar direba yadda kake tuƙi, a gwada ta bayanka kafin kuɗi ya fita aljihu. Idan ba ta shiga, ɗaya ya koma tsakiya ɗaya dama. Masu Sienna da Sharan, layi na biyu ne na yara. Mota mai gida ɗaya da ba ta da kujerar baya kuwa, matuƙar akwai jakar iskar da ke fashewa daga dashbod kuma ba a iya kashe ta, kujera mai kallon baya ba ta shiga gaba. Jakar na dukan bayan kujerar daidai inda kan jariri yake.

Ɗaurin kansa

Fara da mai kallon baya. Idan ISOFIX ne, tura hannayen kujerar cikin ƙarafan har ka ji ƙas sau biyu, alamar ta koma kore. Idan tana da ƙafar da ke sauka ƙasa, zaro ta har ta dafe daben motar sosai, amma ba a kan murfin akwatin ajiya da wasu motocin iyali ke da shi a ƙasa ba. Idan irin ta Amurka ce mai ƙugiyoyi a igiya, maƙala su, ka danne kujerar, ka ja igiyar har ta ƙi. Ƙarafan nan suna da iyakar nauyi, a kujerun Amurka kimanin kilo 29 ne yaro da kujera a haɗe. An wuce haka sai a koma bel. Ba a haɗa bel da ISOFIX a kujera mai igiyoyi da sunan ƙarin ƙarfi, sai in kamfanin ya ce a yi.

Idan da bel ne, bi hanyar da aka zana. A kujerun Turai na R44, shuɗiyar alama ta kallon baya ce, ja ta kallon gaba. Sababbi kore suke sawa. Zura bel ɗin ba tare da ya murɗe ba, ka kulle. Yanzu sai wurin da aka fi faɗuwa: bel ɗin mota a sake yake, sai an fizge shi yake kamawa, kujera kuma tana so ya kasance a kame kullum. A motocin Amurka daga 1996, galibi za ka ja bel ɗin a hankali har ƙarshensa, ka bar shi ya koma. Za ka ji yana kar-kar-kar. Ja shi, in ya ƙi fitowa ya kulle ke nan. Motocin da suka fito daga Turai da yawa ba su da wannan, shi ya sa kujerunsu ke zuwa da maƙalin da ke danne bel a jikinsu. Wanda ya sa kujerar Amurka a motar Turai, ya duba ko tana da maƙalinta, in babu sai da ƙaramin ƙarfen nan mai siffar H da ake saƙala wa bel kusa da makulli.

Ɗora gwiwa ko tafin hannu a cikin kujerar, ka danna da nauyinka, ɗayan hannun na jan bel ɗin kafaɗa daga kusa da makulli. Ka mayar da rarar sama. Sai gwaji: kama kujerar daidai inda bel ya ratsa, ba ta sama ba, ka girgiza dama da hagu, gaba da baya. Kada ta motsa fiye da santimita 2.5. In ta wuce, kwance ka sake. Saman kujera mai kallon baya zai ɗan yi motsi, haka aka ƙera ta.

Kwanciyarta ma a duba. Jariri sabon haihuwa yana son kusan digiri 45, kuma akwai layi ko ɗigon ruwa a gefen kujerar da ke nuna daidai. Ta miƙe da yawa, haɓarsa za ta faɗo ƙirji numfashi ya toshe. Inda kushin motar ya yi gangare, wasu kamfanoni sun yarda a naɗe tawul a sa ƙarƙashin gindinta. A bar ɗan fili tsakaninta da kujerar gaba.

Mai kallon gaba haka ake yi mata, da ƙari ɗaya da kusan kowa ke mantawa: igiyar sama. Ka wuce da ita ta kan majingina, ka maƙala a ƙugiyar anka, ka ja ta miƙe. Tana rage nisan da kan yaro ke tafiya gaba da santimita 10 zuwa 15, kuma a ƙaramar mota wannan ne tsakanin goshinsa da bayan kujerar direba.

Sa yaro a ciki

Bayansa da ɗuwawunsa su manne da kujera. Mai kallon baya, igiyoyin su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan. Mai kallon gaba, daidai kafaɗa ko sama kaɗan. Kulle, ka zaro rarar daga cinya, ka ja igiyar matsewa. Sa yatsa biyu ka mintsini igiyar a kan kafaɗarsa, idan ta naɗu a hannunka da saura. Maƙalin ƙirji, a kujerun da ke da shi, daidai hammata yake zama, ba a kan cikinsa ba. Jariri ya girmi kujerarsa idan tsakanin kansa da bakinta na sama bai kai santimita 2.5 ba, ko nauyinsa ya wuce abin da sitika ta ce.

Da hunturu, iyaye mata kan jibga wa yaro rigar sanyi mai kauri, su naɗe jariri a bargo. Kaurin nan yana lotsewa a karo, igiya ta zama sako-sako. A cire, a ɗaure shi da kaya marasa kauri, sannan a lulluɓa bargon a kai. Da bazara kuwa, lokacin da zafin Kano da Haɗejiya ke kaiwa digiri 40, ƙarfen makulli na iya ƙona cinyar yaro. A yafa wa kujerun farin zane idan an faka, a taɓa da bayan hannu kafin a zaunar da shi. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota, ko da sallah za a shiga a fito. Cikin minti 10 zafin ciki kan ƙaru da wajen digiri 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Wajen shiga, mai ƙafa shi ne farko, wajen fita shi ne ƙarshe. Kana sunkuye kan jariri, babban zai iya bin akuya zuwa titi. Kunna makullin yara da ke bakin ƙofofin baya, ka kulle gilasai daga wurinka. Bel ɗin da ba kowa a kansa a kulle shi, don kada yaro ya naɗa a wuya. Kujerar ƙarin tsayi ko ba kowa a kai a ɗaure ta.

Mutane da kaya

A ƙauye mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Ka tayar za ka Dutse, sai ga gwaggo da ƙullin kayanta, ga maƙwabci zai sauka a Shuwarin. Ranar da aka fi cire kujera ke nan a jefa but, a mayar da yara cinya. Tun a gida ku yanke shawara cewa kujeru biyun nan ba sa fita, wurin da ya rage shi ake bayarwa. Jaririn zai yi kuka, kakarsa ta ce, "Miƙo min shi nan, wannan ai azabtar da yaro ne." Ba musu za ka yi da ita ba. "Hajiya, ki yi haƙuri, hanyar ce ba kyau. In mun isa, ke da shi har dare." In yunwa ce, a nemi inuwa a faka nesa da kwalta, a ba shi nono, a mayar da shi. Dama jariri ƙarami yana bukatar a fito da shi ya miƙe aƙalla duk awa biyu. Goyo a cikin mota mai tafiya kuwa ya fi cinya muni, nauyin uwar gaba ɗaya a kansa zai sauka.

Duk babban mutumin da ke baya ya ɗaura bel, wanda bai ɗaura ba kan yaran zai faɗa. Buhun gero, jarka, tukunyar gas, fulas ɗin shayi, duk but. Idan motar haya ce daga tasha, inda ake zuba mutum huɗu a baya, sai dai a biya kuɗin layin gaba ɗaya ko a ɗauki shata, a kuma duba bel ɗin kafin a yi ciniki.

Hanyar burji tana sassauta ɗauri. Bayan kowace tafiya mai gargada, da kuma duk ranar da aka kai mota wanki, a sake girgiza kujerun biyu, domin masu wanki kan kwance su mayar yadda suka ga dama. Makullin da ƙura ta cika ya daina ƙas, a ɗauraye shi da ruwan ɗumi zalla ya bushe, ban da mai, ban da girisi. Igiyoyi a goge da ɗanyen tsumma, kada a jiƙa su a omo ko bilic. Idan Allah Ya ƙaddara haɗari mai ƙarfi, lambar FRSC ta gaggawa 122 ce, kujerun da ke cikin motar kuma sun gama aiki ko da ido bai ga tsagewa ba. A yanke igiyoyinsu da almakashi kafin a zubar, don kada wani ya tsinta ya kai kasuwa.